KARATU DA AIKI: Darasi Domin Ɗaliban Talata Mafara da Bakura da Maradun

Kowace shekara akwai lokacin da ɗaliban manyan makarantun fasaha su kan bar aji su tafi ma'aikatu koyon aiki, kowa riƙe da takardar gabatarwa daga makarantarsa da littafin da zai riƙa rubuta abin da ya yi. Waɗansu su kan komo da gwaninta a hannu da fahimta a kai. Waɗansu kuwa su kan komo yadda suka tafi, sai dai littafin ya cika da sa hannu da hatimi. Watanni ɗaya aka ba su duka, kuɗin mota da na abinci kuma daga aljihun iyaye suka fito. Saboda haka ya kamata ɗalibai da iyayensu da malamai da shugabannin ma'aikatu su san abin da masana suka gano game da wannan al'amari, su kuma san irin wurin koyo da Allah ya ajiye a ƙofar gidansu.

1. YADDA SHIRIN YA KE

A ƙasar Talata Mafara da Bakura da Maradun akwai manyan makarantu da wannan magana ta shafa. Akwai Kwalejin Fasaha ta Abdu Gusau a Talata Mafara, wadda aka kafa cikin 1992, zamanin Gwamna Yahaya Abdulkarim, tun ƙasar tana cikin Jihar Sakkwato, kafin a yanke Jihar Zamfara cikin 1996. Daga baya aka sa mata sunan Injiniya Abdu Gusau, wanda ya rasu cikin 1994. Akwai Kwalejin Aikin Gona da Kiwon Dabbobi a Bakura. Akwai kuma Jami'ar Jihar Zamfara, wadda aka kafa a Talata Mafara cikin 2018.

Shirin da ke fitar da ɗalibai zuwa ma'aikatu shi ne wanda aka sani da sunan SIWES. Hukumar horar da ma'aikatan masana'antu ta ITF ce ta kafa shi cikin 1973, ita kuwa hukumar an kafa ta cikin 1971, babban ofishinta yana Jos. Dalilin kafa shirin shi ne kukan masu masana'antu, waɗanda suka ce yaran da a ke kawo musu daga makarantu sun san littafi ƙwarai, amma ba su taɓa riƙe kayan aikin da suka karanta labarinsu ba. Cikin 1979 aka miƙa shirin ga hukumar jami'o'i da hukumar ilmin fasaha ta ƙasa, sa'an nan cikin 1984 aka komar da shi hannun ITF.

Ɗalibin ƙaramar difloma ya kan yi wata huɗu a ma'aikata tsakanin shekararsa ta fari da ta biyu. Ɗalibin jami'a ya kan yi wata shida. Bayan wannan kuma, wanda ya gama ƙaramar difloma sai ya yi shekara guda yana aiki kafin a karɓe shi babbar difloma. Kowane ɗalibi yana da masu duba shi biyu, ɗaya ma'aikacin wurin da ya je, ɗaya malami daga makarantarsa, hukumar ITF kuma tana da nata jami'an da ke bin sawu.

2. ASALIN WANNAN DABARA

Haɗa karatu da sana'a ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Tun da can almajiri ya kan yi karatu da asuba da dare, da hantsi kuwa yana ɗinkin hula ko aikin wuyan riga a zauren wani gwani. Ɗan maƙeri ya kan fara da zuga, ya daɗe yana kallon ƙarfe a wuta kafin a ba shi masaba. Abin da ya zo daga baya shi ne tsara wannan a cikin manyan makarantu, da ƙayyade masa watanni, da ba shi maki.

A Ingila, Kwalejin Fasaha ta garin Sunderland ta fara irin wannan tsari cikin 1903, ɗalibai suna yin wani sashe na shekara a aji, wani sashe a wuraren ƙera jiragen ruwa da injuna. A Amurka kuwa wani malamin injiniya mai suna Herman Schneider ne ya yi fice a kai. Shi wannan malami ya bi labarin waɗanda suka gama makarantar da ya ke koyarwa, ya ga cewa mafi yawan waɗanda suka fi ƙwazo a bakin aiki sun taɓa yin aikin hannu tun suna ɗalibai. Ya kai shawara ga jami'arsa ta Lehigh, ba a karɓa ba. Ya koma Jami'ar Sinsinati, inda aka yarda ya gwada cikin 1906 da ɗalibai 27. Ya kasa su biyu-biyu: wannan mako ɗaya yana aji ɗan'uwansa yana masana'anta, mako mai zuwa su yi musaya. Da haka aikin masana'anta bai tsaya ba, karatu kuma bai tsaya ba. Dabarar ta bazu, har Jami'ar Waterloo ta Kanada ta kafu a kanta cikin 1957. Jamus kuma tana da nata tsohon tsari, inda yaro ke yin waɗansu kwanakin mako a ma'aikata, waɗansu a makarantar sana'a, an kuwa yi masa doka ta ƙasa baki ɗaya cikin 1969.

3. ABU UKU DA BINCIKE YA NUNA

Na fari, haɗa karatu da aiki yana ƙara wa ɗalibi fahimta da himma. Cikin 1961 waɗansu masana biyu na Amurka, James Wilson da Edward Lyons, suka fitar da sakamakon wani babban bincike da suka yi, inda suka gwada ɗaliban da ke zuwa ma'aikatu da waɗanda ke zaune a aji kaɗai. Suka tarar waɗanda suka taɓa aiki sun fi ganin ma'anar abin da a ke koya musu, sun fi sanin zama da mutane iri-iri, sun kuma fi sanin ko sana'ar da suka zaɓa ta dace da su tun kafin lokaci ya ƙure.

Na biyu, zuwa wurin aiki kawai ba ya koyar da kowa. Wannan shi ne abin da ya fi muhimmanci cikin darasin nan. Wata masaniya mai suna Jean Lave ta fara bincike cikin 1973 a tsakanin teloli na birnin Monrobiya, ƙasar Laberiya, tana duba yadda yaran shago ke zama gwanaye. Ta tarar suna koyo ne daga ƙarshe zuwa fari. Yaro ya kan fara da guga da sa maɓalli da kalmasa, watau ayyukan da a ke gama riga da su. In ya iya waɗannan sai a ba shi keke ya haɗa yankakken yadi. Yanka shi ne abu na ƙarshe da za a sake masa, domin kuskuren yanka hasarar yadi ce, kuskuren maɓalli kuwa warwarewa a ke yi. Amma tun ranar farko aikin da yaron ke yi na gaskiya ne, rigar mai ita ce za a zo a karɓa, yana kuma zaune inda ya ke ganin hannun maigidansa.

Cikin 1991 ita da Etienne Wenger suka jera wannan labari da na waɗansu masu koyon fawa a manyan kantunan Amurka. Su waɗannan an tsai da su ne a wurin naɗe nama cikin leda, a wani sashe dabam inda ba su ganin manyan mahauta suna yanka. Suna zuwa aiki kullum, ana rubuta sunansu, amma watanni suka wuce ba su koyi fawa ba. Bambancin yaran teloli da yaran mahautan nan shi ne bambancin ɗalibin da aka sa cikin ayarin masu gyaran famfo da ɗalibin da aka zaunar a bakin ƙofar ofis ana aikensa sayen goro.

Na uku, aiki ba ya zama ilmi sai an zauna an yi tunani a kansa. John Dewey ya yi bayani cikin 1938 cewa ba kowane abin da mutum ya gani ko ya yi ne ke ilmantar da shi ba, har akwai wanda ke koya masa mugun hali, kamar ha'inci da aikin ganin ido. David Kolb ya tsara maganar cikin 1984, ya ce koyo yana zagayawa ne ta matakai huɗu: mutum ya yi abu da hannunsa, ya koma ya duba abin da ya faru, ya nemi ƙa'idar da ta sa ya faru haka, sa'an nan ya sake gwadawa bisa ga ƙa'idar. Ma'aikata tana ba da mataki na fari da na huɗu. Aji yana ba da na uku. Na biyu kuwa yana wuyan ɗalibi shi kaɗai, littafin da aka ba shi kuma don wannan aka yi shi.

4. MAKARANTAR DA KE ƘOFAR GIDA

Ɗalibai da yawa suna tsammani koyon aiki ba ya yin kyau sai a Gusau ko Kaduna ko Abuja, cikin ofis mai sanyi. Alhali kuwa ƙananan hukumomin nan uku suna zaune ne a kan ɗaya daga cikin manyan ayyukan noman rani na Nijeriya. Madatsar ruwa ta Bakalori, wadda ke kan Gulbin Sakkwato a ƙasar Maradun, an fara gina ta cikin 1974, aka gama cikin 1978. Kamfanin Impresit na Italiya ne ya yi ginin, Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima ce ke riƙe da ita. An gina ta don ta ɗauki ruwa mita miliyan 450 na awon ciki, ta shayar da fili kimanin hekta 23,000 a Maradun da Talata Mafara da Bakura.

Tarihin wannan aiki kansa darasi ne. Kusan kashi biyu cikin uku na filin an shirya shayar da shi ta bututun yayyafi, wanda ke bukatar injunan tura ruwa da wutar lantarki da kayan gyara daga ƙasashen waje. Da injunan suka tsaya, sashen yayyafi ya daina aiki, sai sashen da ruwa ke gangarawa da kansa ta magudana ya saura. Manoman fadama da ke ƙasa da madatsar suka rasa ambaliyar da ke shayar musu da shinkafa kowace shekara, da yawansu suka koma gero da dawa. Cikin Afrilu 1980 kuma rigimar biyan diyyar gonaki ta kai ga hasarar rayuka. Zanen aikin a takarda ya yi kyau, amma akwai abubuwan da manomi da mai gyaran inji suka sani waɗanda ba su shiga takardar ba. Cikin 2014 Bankin Duniya ya amince da shirin TRIMING na gyara manyan wuraren noman rani na Arewa, Bakalori tana ciki. Aka gyara magudanai, aka kuma ƙarfafa ƙungiyoyin manoma masu amfani da ruwa don su riƙa kula da ƙananan magudanan da kansu.

Gyara ba ya daɗewa sai da masu riƙe shi. Ɗalibin aikin gini yana da magudanai da ƙofofin ruwa da kwalbatoci. Ɗalibin aikin inji da na lantarki suna da injunan ban ruwa da taraktoci da injunan casar shinkafa. Ɗalibin aikin gona yana da shinkafa da masara da tumatir da albasa, da ƙwari da cututtukan da ke bin su. Ɗalibin kiwo yana da asibitin dabbobi da kasuwar shanu. Ɗalibin lissafin kuɗi yana da littattafan ƙungiyoyin manoma, inda a ke rubuta kuɗin ruwa da wanda ya biya da wanda bai biya ba. Duk waɗannan ayyuka ne na gaskiya, waɗanda in an yi su daidai wani zai ci abinci, in an ɓata su wani zai yi hasara.

5. GA MISALI

A aji a kan koya wa ɗalibi yadda za a auna ruwan da ke gudu cikin magudana. A ce magudana ce mai miƙaƙƙen bango, faɗinta mita 1, zurfin ruwan rabin mita. A jefa totuwar masara a ruwan, a ga ta ci mita 10 cikin sakan 20, watau rabin mita kowane sakan. In aka ninka faɗi da zurfi da gudu za a sami lita 250 kowane sakan. Amma ruwan sama ya fi na ƙasa sauri, saboda haka a kan rage kimanin kashi ɗaya cikin biyar, saura lita 200. Milimita ɗaya na ruwa a kan hekta ɗaya lita 10,000 ne. Ke nan gonar hekta ɗaya da ke son milimita 50 tana bukatar lita 500,000, magudanar kuwa za ta ba da wannan cikin minti 42 ko kusa da haka. Ɗalibi ya rubuta wannan a jarrabawa ya ci.

To, a ce ɗalibin nan ya bi magudanar da ƙafa har ƙarshenta. Can ya tarar laka ta cike rabinta, zurfin ruwa ya koma rubu'in mita, ciyawa ta tare hanya har totuwa tana cin sakan 40 kafin ta yi mita 10. Ya sake lissafin, ya sami lita 50 kacal kowane sakan. Gonar da ta kamata ta sha cikin minti 42 yanzu sai ta yi kusan sa'a uku. A nan ne zai gane dalilin da ya sa manomin ƙarshen magudana ke kwana a gona, da dalilin faɗan da a ke yi a bakin ƙofar ruwa, da dalilin da ya sa yashe magudana ya fi sayen sabon inji gaggawa. Lissafin aji ne ya ba shi ikon faɗin yawan hasarar da adadi. Tafiyar ƙafa ce ta nuna masa inda hasarar ta ke. Gani ya kori ji.

6. LITTAFIN AIKI

Ga yadda ɗalibai biyu za su iya rubuta wannan rana guda. Na fari ya rubuta cewa ya je gona, an duba magudana, an dawo. Na biyu ya rubuta lambar magudanar, da wurare ukun da ya yi awo, da adadin da ya samu a kowane wuri, ya zana yadda laka ta kwanta, ya rubuta abin da shugaban ƙungiyar manoma ya gaya masa game da ranar da aka yi yasa ta ƙarshe, sa'an nan ya ajiye tambaya ɗaya da zai kai wa malaminsa. Dukansu za a sa musu hannu ranar Juma'a. Bayan shekara guda littafin na fari ba zai tuna masa kome ba, na biyu kuwa yana da abin da zai gina binciken kammala karatunsa a kai, yana kuma da abin nuna wa mai ɗaukar ma'aikata.

Doka ɗaya ce ta fi kowace: a rubuta aikin rana a ranar. Littafin da aka zauna aka cika shi dare ɗaya a ƙarshen wata na huɗu ƙarya ce aka ɗinke da zare, ko da kuwa hatimin da ke kansa na gaskiya ne.

7. HAƘƘIN DA KE KAN KOWA

Ɗalibi ya nemi wurin da ya dace da fannin karatunsa, ko da rumfar makaniki ce a bakin tasha, in dai akwai gwani a ciki. Ya zo kafin maigidansa, ya bar wurin bayansa. Kada ya raina ƙaramin aiki, gama telan Monrobiya da maɓalli ya fara. Ya girmama leburan da ya shekara ashirin a bakin ƙofar ruwa, ya tambaye shi, domin matambayi ba ya ɓata.

Shugaban ma'aikata ya haɗa kowane ɗalibi da ma'aikaci guda sananne wanda zai amsa tambaya a kansa. Ya tsara masa ayyuka daga mai sauƙi zuwa mai wuya, ya bar shi ya tsaya inda gwanaye ke aiki. Ya karanta littafin kafin ya sa hannu. Wanda ya sa hannu a kan aikin da ba a yi ba ya zama shaidar zur, kuma wataƙila yaron nan ne za a kawo masa gobe a matsayin injiniya.

Malamin makaranta ya je wurin da ƙafarsa, ya ga ɗalibi a bakin aiki. In ɗalibai sun komo, ya buɗe darasi da abin da suka gani, ya sa awon da suka yi ya zama lissafin allo. Makaranta kuma ta lura da lafiyar hanya kafin ta yarda da wurin da za a tura yaro. Harin da 'yan bindiga suka kai Kwalejin Bakura cikin Agusta 2021, inda aka sace ɗalibai da ma'aikata, ya isa tunatarwa. A riƙa shawara da hukuma da masu unguwanni, a fita cikin ayari da rana, a komo da wuri.

Iyaye su sani watannin nan ba hutu ba ne. Kada a riƙe yaro a shago ko a gona ta gida a ce ai za a nemo masa sa hannu. 'Ya'ya mata su ma a ba su dama, gama akwai ɗakin awon asibiti da ofishin ƙungiya da wuraren sarrafa shinkafa da za su koyi aiki cikin mutunci kusa da gida. In yaro ya komo da maraice, uba ya tambaye shi abin da ya yi yau da hannunsa. Amsar da zai bayar ta isa ta nuna ko kuɗin motar ya biya.

Madatsar Bakalori baƙi ne suka gina ta, suka gama suka koma ƙasarsu. Riƙe ta ya rage ga 'ya'yan Maradun da Talata Mafara da Bakura, waɗanda yau ke zaune a aji. Amfanin ilmi aiki da shi.

TAMBAYOYI DOMIN NAZARI

1. Wace hukuma ce ta kafa shirin SIWES, a wace shekara, kuma saboda wane dalili?

2. Me ya sa teloli ke koya wa yaro yanka a ƙarshe? A kawo misalin wata sana'a ta garinku da a ke koyo bisa irin wannan tsari.

3. Me ya hana masu koyon fawa na kantunan Amurka iya sana'arsu, alhali suna zuwa aiki kullum?

4. Magudana mai faɗin mita 2, zurfin ruwa rabin mita, totuwa ta ci mita 10 cikin sakan 25. Lita nawa ke wucewa kowane sakan, bayan an rage kashi ɗaya cikin biyar?

5. Kowane ɗalibi ya rubuta wurare uku cikin ƙaramar hukumarsa inda zai iya koyon aikin fanninsa, da irin gwanin da ke kowane wuri.